Hanyar Da Ta Kawo Haja Ita Ta Kawo Waƙa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Balleyara ranar Lahadi ya san wani ilimi da ba a koyar da shi a aji. Za ka ga tsohuwar 'yar kasuwa ta ɗaga tabarma ta juya ta, ta shafa bakinta da yatsa, tun mai ita ba ta buɗe baki ba ta faɗi yankin da aka saƙa ta. Haka dillali a kara yake hango saniya daga nesa ya ce wannan Azawak ce, waccan mai jan jiki da dogayen ƙahoni kuwa ta Bororo ce. Mai sayen cuku ma idan ya ji an ce na wajen Tukunus ne, ba ya tsananta ciniki. Mu 'yan kasuwa mun daɗe da sanin cewa kowace haja tana tafe da garinsu a jikinta, kuma sau da yawa sunan garin nan shi ne rabin kuɗinta.

To, 'yan'uwa maza da mata, abin da muke so mu tattauna a yau shi ne, wannan magana ba a kan tabarma da saniya kaɗai ta tsaya ba. Waƙa ma haka take, haka kiɗa, haka zanen ƙwarya da aikin dukawa, har da fim ɗin da ake kallo a majigi. Mai fasaha ɗan hanya ne kamar falke. Ƙafarsa ce take tara masa jari, garinsu kuma shi ne rumfar da yake komawa ya baje abin da ya samo. Hanyar da ta kawo mana goro da atamfa da kanwa ita ce ta kawo mana mawaƙa da makaɗa, ita ce kuma ta kai namu waje. Saboda haka yadda hanyoyin kasuwanninmu suka ƙuntata a 'yan shekarun nan, asarar ba a aljihunmu kaɗai ta tsaya ba, kuma a ganinmu akwai wani kaso na gyaran da ya rataya a wuyanmu mu 'yan kasuwa.

Mu fara da duba ƙasar tamu. Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kimanin kilomita 180 ce, kuma da zarar an iso Balleyara sai hanya ta bi kwarin Dallol Boso, wanda tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani, ya taso daga arewa wajen Azawak ya gangara har kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin wannan kwari, shi ya sa rijiyoyi suka yawaita, goriba da gawo suka samu wurin zama, garuruwa kuma suka jeru kusa da juna. Gefensa ga duwatsu a tsaye, waɗanda har a sunan Tondikandiya ana jin su, domin "tondi" da Zabarmanci dutse ke nan. A cikin wannan kwari ɗaya Kurfayawa masu jin Hausa suke zaune a Filinge da kewayenta, Zabarmawa a Damana da Fandu, Abzinawa a Imanan wajen Bonkuku da Tagazar wajen Balleyara, ga kuma Fulani suna hawa suna sauka da dabbobinsu gwargwadon lokacin shekara.

Makaɗin da ya tashi a irin wannan wuri, muddin yana bin kasuwanni mako-mako, dole kunnensa ya cika da harsuna huɗu. Zai ji yadda Bazabarme yake kaɗa molo yana jero asalin sarakuna, zai ji sarewar makiyayi, zai ji kiɗan tande da matan Abzinawa suke yi da turmi, zai ji kalangun mahauta. Ba ya komawa gida yadda ya fito. Bugu da ƙari, kasuwa ita ce ma'aunin waƙa. Mawaƙi zai gwada baiti a wannan kasuwa, idan ya ga jama'a sun ci gaba da cinikinsu ba wanda ya waiwayo, ya san bai yi ba. A kan hanyarsa ta zuwa kasuwa ta gaba zai yi ta juya shi a baki, ya rage nan ya ƙara can, har ranar da zai faɗe shi mai awon hatsi ta ajiye tiya ta saurara. Yadda muke gwada farashi mu ga inda zai tsaya, haka yake gwada magana. Sannan kirarin gari ba a yin sa da ka. Sai ka san sunan tsohuwar rijiyar garin da wanda ya haƙa ta, ka san shekarar da aka yi yunwa da wanda ya buɗe rumbunsa ya ciyar da jama'a. Irin wannan sani ba a samun sa sai an je an kwana, an ci tuwon gidan, an zauna da tsofaffi. Gani ya kori ji.

Iyayenmu mata kuma kada su ce wannan zancen maroƙa ne, bai shafe su ba. Wadda ta ɗauko ƙwaryar nono ko fura tun asuba ta nufo kasuwa da ƙafa, kiran tallar da take yi da murya mai lanƙwasa ita ta tsara shi, a kan hanya kuma ta tsara shi, daidai da takunta da nauyin da ke kanta, shi ya sa mai saye yake gane muryarta tun bai gan ta ba. Mai saƙar tabarma da faifai ta san fadamar da kabarta ta fi laushi, da watan da ya kamata a yanke ta. Majemi ya san inda zai samo bagaruwar jima, mai goge ya san inda zai samo fatar da zai rufe ƙoƙonsa da ita. Zanen da muke gani a bayan ƙwarya ko a jikin jakar fata, sau da yawa a wata kasuwa aka hango shi a kan kayan wata baƙuwa, aka dawo gida aka sake shi da hannun gida. Wannan duka fasaha ce, kuma duk wadda take yin ta ta san ba daga zaune ta same ta ba.

Tarihin ƙasar nan tamu ma ya ba da shaida, ko da yake shaidar tana da ɗaci. A shekarar 1925, lokacin mulkin Faransa, a garin Shikal na ƙasar Kurfai, wani al'amari ya ɓullo ta hannun wata mata mai suna Shibo, wanda aka sani da Hauka, wasu kuma suna ce masa Babule. Masu yin sa sukan kwaikwayi Turawan mulki da sojojinsu, tun daga tafiyar fareti da sarawa da tsawar kumandan har zuwa gwamna da likita, kuma da yawansu suka bijire wa sarakunan da Bature ya ɗora musu. Kumandan Yamai na lokacin, mai suna Croccichia, ya sa aka kamo su aka kulle. Ba mun kawo wannan ba ne don mu yabi bori, kowa ya san abin da malamai suka faɗa a kansa. Abin da muke son nunawa shi ne, talakan Kurfai ya kalli abin da ya same shi a ƙasarsa na aikin tilas da haraji da bulala, ya mayar da shi motsin jiki wanda duk wanda ya gani zai gane.

Kulle su bai kashe abin ba, sai ma ya bi ƙafar 'yan ci-rani ya gangara kudu har Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ne wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya same shi a wajen birnin Akra a 1954, a tsakanin 'yan Nijar masu aikin ƙarfi, ya ɗauki fim ɗin da ya sa wa suna Les Maîtres fous. Turawan Ingila suka hana nuna shi a Gwalkwas, 'yan Afirka masu karatu a Faransa da dama suka ce ya ci mutuncin baƙar fata, amma duk da haka ya ci kyauta a bikin fina-finai na birnin Venis a ƙasar Italiya a 1957, kuma har yau ana gardama a kansa a jami'o'in duniya. Mu lura da kyau a nan, mu da muka san ciniki. A Kurfai aka haifi abin, ƙafar mutanenmu ta kai shi bakin teku, amma sunan da ya fita na mai kyamara ne. Yara nawa ne a Filinge a yau suka taɓa jin sunan Shibo? Haja tamu, riba ta wani.

Shi kansa Rouch ɗin hanya ce ta mayar da shi abin da ya zama. A 1941 ya zo Nijar a matsayin injiniyan gina hanyoyi, bai san aikin fim ba. Daga 1946 zuwa 1947 shi da abokansa biyu suka bi kogin Isa a kwalekwale tun daga mafarinsa har teku, kuma a wannan tafiya ne abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ya salwanta masa, dole ya koma ɗaukar hoto da kyamara a hannu. Abin da ya zo masa da kamar tsautsayi shi ya zama salon aikinsa, domin maimakon ya kafa kyamara wuri ɗaya mutane su zo gabanta, sai ya riƙa bin su da ƙafa yana shiga inda suka shiga. A 1971 a garin Simiri na Zarmaganda ya shiga gari yana tafe yana ɗauka, bai tsaya ba sai da fim ɗin cikin kyamarar ya ƙare. A kan hanya kuma ajalinsa ya same shi, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai.

Fim ɗinsa da ya fi kusa da rayuwarmu shi ne Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, aka fitar a 1967. Samari uku ne 'yan Nijar, Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Illo Gaudel, suka tashi daga kasuwar Ayoru da ƙafa suka nufi Gwalkwas neman kuɗi. Babu wani rubutaccen labari, abin da hanya ta kawo shi aka ɗauka, daga baya su da kansu suka zauna suna kallon hotunan suna ɗora magana a kai. A kasuwar Kumasi suka kafa tebur suna sayar da kayan koli, da lokacin komawa ya yi kuma suka tattara suka dawo gida, suka rabar da tsarabar da suka yi watanni suna tarawa. A 1974 Damure da Lam suka sake fitowa a wani fim, Cocorico Monsieur Poulet, labarin mai fataucin kaji da tsohuwar motarsa, wanda ya shiga ƙauyuka domin ya saro ya kawo Yamai. Wato dai rayuwar ɗan ci-rani da ɗan kasuwa, wadda mu muke gani ba a bakin komai take ba, ita ce jarin da aka gina waɗannan fina-finai da shi.

Amma wanda ya fi cancanta mu nuna wa 'ya'yanmu shi ne Umaru Ganda. Yana saurayi ya je yaƙin Indocina a cikin sojan Faransa, da ya dawo bai samu aiki ba ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Ganda bai yarda ya ƙare a gaban kyamarar wani ba. Ya dawo Yamai ya koyi riƙe ta da kansa, ya yi Cabascabo, labarin tsohon sojan da ya dawo gida abokan cin mushe suka taya shi cinye kuɗinsa, abin da ya gani da idonsa a tsakanin 'yan'uwansa tsofaffin soji. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Ya rasu a 1981, kuma gidan raya al'adu na Yamai yana ɗauke da sunansa. Ga mutumin da ya tafi, ya gani, ya dawo, ya sayar da hajarsa da sunan kansa.

Idan muka leƙa ƙasar Hausa ta Najeriya ma labarin ɗaya ne. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kafin duniya ta san shi da waƙa goro da alewa ya sayar. A kasuwa da dandali ya koyi jawo hankalin jama'a, kuma duk wanda ya saurari waƙoƙinsa zai ji sunayen garuruwa da direbobi da attajirai a jere, domin ya taka wuraren da ƙafarsa, ya ci abinci da mutanen. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙar da ta zagaya ƙasar Hausa, kuma da bai san tasha da wahalar yaran mota ba, da ba ta shiga zuciyar kowa ba. Kafin su duka akwai Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano, wanda ya haɗa fatauci da neman ilimi a kan hanyar goro ta Gwanja, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Karachi inda ya rasu a 1934. Ya bar rubutattun waƙoƙi da Hausa da Larabci, ciki har da waɗanda ya yi a kan talauci da kan zuwan Turawa.

A nan gida kuma ga Malam Mamman Barka, mutumin Tasker, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wajen Bukar Tar, wani dattijo daga cikin masuntan Buduma wanda ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, abin kiɗa mai tsarkiya biyar mai siffar kwalekwale. Ya zauna a wurinsa ya koya, dattijon ya ba shi biram ɗinsa kafin ya rasu, Barka kuma ya kai kiɗan har Turai kafin shi ma ya rasu a 2018. Da ya zauna a Yamai ya ce a aiko masa da kaset, da biram ya bi tsohon kabari.

Hasali ma an taɓa yin shugaba daga cikin wannan kwari namu da ya gane amfanin zagayawa. Marigayi Janar Saini Kunce ɗan Fandu ne a nan Tondikandiya, ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Ko me mutum zai ce game da tsananin mulkinsa, a zamaninsa ne aka farfaɗo da samariya, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka kuma fara bikin matasa na ƙasa a 1976. Hikimar da ke ciki ita ce ba a Yamai aka jibge su ba, jiha-jiha suke zagayawa. Ta haka makaɗin ƙauye ya ga Damagaram da Agadas da Difa, ya ji abin da wasu suke yi, ya dawo ya gyara nasa. Kuma duk inda taron ya sauka, masu abinci da masu masauki da masu motoci da 'yan tebur su ne suke fara ganin amfaninsa, kamar yadda har yanzu ake gani a lokacin gasar kokawa.

To, yau ina muke? Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, ciki har da Abala da Banibangu maƙwabtanmu. A farkon 2020 aka hana hawa babur, wanda shi ne jakin talaka na wannan zamani, aka kuma rufe wasu kasuwannin ƙauye saboda dalilin tsaro. Ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka tare motocin mutanen da ke dawowa daga cin kasuwar Banibangu, inda gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe a ranar. Allah Ya jiƙansu. Bayan irin wannan, wa zai ga laifin wanda ya ce shi kam dare ba zai same shi a hanya ba? Bikin da a da ake kwanaki ana yi, yanzu a wurare da yawa kafin magariba an watse. Mun san makaɗan da suka rataye gurmi suka tafi Yamai suna tura baro ko ga-ruwa. Yaron da ya kamata ya riƙa bin su yana riƙe jaka yana koyon sunayen gidaje da garuruwa, shi ma ya kama wata hanya.

Wani zai ce ai mutane ba su daina tafiya ba, ga su nan sun cika Abala da Wallam da unguwannin bayan Yamai. Wannan gudu ne, kuma gudu daban, tafiya daban. Kowane falke ya san ba a ƙirga riba sai an dawo gida an kwance kaya. Wanda ya gudo ba shi da inda zai koma ya baje abin da ya gani. Waƙar da take kiran sunan wata rijiya ko wani tudu ko wata kuka, idan an yi shekara goma ba a garin, yaran da aka haifa a zaman hijira za su rera ta ba su san abin da take nufi ba, daga nan kuma sai su bar ta.

Wani kuma, musamman a cikin samari, zai ce zamani ya wuce wannan magana, tunda da wayar hannu mutum zai yi waƙa a ɗakinsa gobe a ji ta a Kano da Akra. Ba mu ƙi ba. Mu ma da waya muke tambayar farashi kafin mu ɗora kaya a mota. Mdou Moctar, mai jita ɗan yankin Azawak na jihar Tawa, waƙoƙin da ya ɗauka a Sakkwato a 2008 daga waya zuwa waya suka yi ta yaɗuwa kafin Amurka ta san da shi. 'Yan matan Illighadad, wani ƙauye a wajen Abalak, sun zagaya Turai da Amurka da sunan ƙauyensu da kiɗan tanden da suka tashi a cikinsa. Amma waya kamar mota take, tana ɗaukar kaya ne, ba ta noma su. Abin da baƙi suka biya kuɗi suka saurara shi ne abin da ba su da shi a garinsu. Wanda ya kulle kansa a ɗakin ɗaukar murya yana kwaikwayon abin da ya ji a wayar wani zai fito da haja irin ta kowa, kuma mun san abin da yake samun farashi ranar da kowa a layi ya kasa abu iri ɗaya.

Akwai kuma masu cewa su maroƙan nan ai damuwa ce kawai, gara ma da suka ragu. Gaskiya ne akwai waɗanda suka mayar da sana'ar ƙwace, idan ba ka ba su ba su yi maka zambo a gaban surukanka. Ba su muke karewa ba. Amma don an samu jabun atamfa a kasuwa ba a daina sayen atamfa, ido ake buɗewa. Mun taɓa gani da idonmu a wata kasuwa an kori wani dattijo mai goge daga inuwar rumfa kamar an kama ɓarawo, alhali a cikin rumfar lasifika tana ta zuba waƙar da aka yi a wata uwa duniya. Dattijon nan ya san asalin kowane gida a garin, har da gidan wanda ya kore shi. Ranar da ta Allah ta kasance a kansa, ba a wayar kowa za a samu abin da ya tafi da shi ba.

Saboda haka ga shawarwarinmu, kuma mafi yawansu ba sa bukatar kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiyar agaji. Da farko muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa na Filinge da Damana da Bonkuku da Balleyara da su ware inuwa ɗaya a ranar kasuwa, a lokacin da ciniki ya ɗan lafa kuma rana ba ta yi nisa ba, domin mai gurmi da mai goge da zabiya su samu wurin zama cikin mutunci, mai son saurare ya je, wanda ba ya so ya ci gaba da harkarsa. Direbobi da 'yan kamasho kuma, rangwamen kuɗin mota ga makaɗi da yaronsa ba zai karya kowa ba, tunda taron da suke tarawa shi ne fasinjan gobe.

Ku kuma Hajiyoyinmu da ƙannenmu mata, ku ne kuke riƙe da suna da biki. Daga cikin abin da ake kashewa a kan anko da hayar lasifika, a ware wani kaso ga masu kiɗan ƙwarya da zabiyoyin gari. Idan kuma kun saro tabarma ko faifai ko jakar fata, ku biya mai aikin hannun kuɗin da zai sa ta koya wa 'yarta, sannan ku sayar da kayan da sunan garinsu. Tabarmar roba ta fi araha, ba wanda ya musa, amma ba ta da asalin da za a faɗa wa mai saye, kuma wannan asali shi ne abin da za ku riƙe farashi da shi.

'Ya'yanmu masu manyan wayoyi, ga aiki a gabanku. Ku je wajen tsofaffi, musamman waɗanda suka baro garuruwansu, ku nemi izininsu, ku ba su goronsu, ku ɗauki waƙoƙinsu da tatsuniyoyinsu da tarihin da suka sani. Ku faɗi sunan mai maganar da garinsu da ranar da aka ɗauka a farkon kowane ɗauka, ku kai wa gidajen rediyon karkara su ajiye su riƙa sakawa. Kada abin da ya samu Shibo ya sake samun mu, wato wani ya zo daga nesa ya ɗauka, jikokinmu su je su nema a hannunsa. Su ma masu fasahar muna ce musu, duk inda hanya take da lafiya su fita su taka, su zauna da masu awo da mahauta da 'yan dako su ji maganarsu, su bar yi wa aljihu waƙa su yi wa mutane.

A ƙarshe muna roƙon hukumomi da su ba hanyoyin kasuwa kulawa ta musamman a ranakun kasuwa, kuma duk lokacin da tsaro ya tilasta a rufe wata kasuwa ko a hana wani abin hawa, a zauna da shugabannin 'yan kasuwa a duba yadda za a rage cutarwar da kuma ranar da za a buɗe. Magabatanmu sun ce tafiya mabuɗin ilimi, su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Falke da mawaƙi duka biyun suke bukata, hanyar fita da gidan komawa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Kurfai da Tondikandiya da ƙasa baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu, Ya buɗe hanyoyi, Ya kawo kasuwa mai albarka. Amin.